Goɗiyata Zabuwa da Ruwan Mantau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ba kowace halitta rabonta na ƙarfin zuciya da rabonta na tsoro. Ku matso ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Kurmasau, garin maƙera da ke bayan jajayen duwatsu. Wasu sun bar gida neman zinariya, wasu neman sarauta. Ni kuwa na bar gida neman abin da zan zuba wa goɗiya a dusa ta daina rawar jiki. Ku yi dariya in kuna so, ni ma na yi daga baya.

A Kurmasau muna girmama doki fiye da yadda wasu ke girmama surukansu. Kowane doki da ɗakinsa shi kaɗai, ginin dutse, ba taga, ana kai masa gero da zuma safe da yamma. Kakanninmu sun ce in doki ya ga doki sai su koya wa juna mugun hali. Saboda haka in mahaya biyu suka yi kiciɓis a lungu, ɗaya yakan juya kan dokinsa ga bango har ɗayan ya wuce. Dokinmu yakan tsufa ya mutu bai taɓa shinshina ɗan'uwansa ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce don me ba.

Goɗiyata gado ce daga mahaifina. Jikinta ɗigo-ɗigo ne, ga saurin firgita, shi ya sa aka sa mata Zabuwa. Ganye ya faɗo, ta zabura. Kaza ta yi kyarkyara a maƙwabta, gumi ya karyo mata. Amma tana gane takuna tun daga bakin zaure, ta yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa da ba ta yi wa kowa sai ni. Ina sonta, ba na kuwa jin kunyar faɗa.

Wata ranar kasuwa na hau ta, faranti ya suɓuce wa wani maƙerin tagulla ya faɗi a kan dutse. Abin da na sani ke nan. Kafin in tashi daga inda ta yar da ni, ta ratsa rumfar tukwane, ta ture wata tsohuwa mai ginin tukunya, hannun tsohuwar ya karye. Dokar garinmu kuwa a fili take: dokin da ya raunata mutum a kasuwa yanka shi ake yi, a ba maƙera fatarsa su yi zugazugi.

Sarkin Maƙera Gwadabe shi ke yanke irin wannan hukunci. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba mugunta ba ce, tsoro ne. A ba ni lokaci in nemo mata magani."

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Na ba ka zuwa kaka. Ranar da sabon gero ya shigo kasuwa, za a zana da'ira da toka a tsakar fili, a tsayar da ita a ciki. Maƙera za su kewaye ta suna dukan tagulla har in sauke sandata. Hannun mutum ba zai taɓa ta ba, ƙafar mutum ba za ta shiga da'irar ba. In ta tsaya, taka ce. In ta fita, tamu ce. To wa zai tsaya maka, kada ka bi duniya da ita?"

Yayata Tasalla, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta ce, "Ni. In bai dawo ba a kore ni daga gari." Da muka fito ta dungure mini kai ta ce, "Ka ji dai abin da na ɗauka. Kada ka je ka tsaya kallon tsuntsaye."

Na ɗaura sirdi da farkon damina na nufi gabas, domin fatake sun sha faɗa mana cewa a Birnin Lumo ba a taɓa ganin doki ya zabura ba.

Gani ya kori ji. Na shiga Lumo da hantsi, na tarar da dawakai jere a bakin titi, ba turke ba dabaibayi, ko wutsiya ba sa kaɗawa. Na ga wani ingarma da tsuntsuwa ta yi sheƙa a gezarsa har ta ƙyanƙyashe. Na ga wani da ƙuda suka cika masa ido bai ƙifta ba. Zuciyata ta yi fari, na ce mai nema yana tare da samu.

An sauke ni a gidan Sarkin Barga, mutum mai fara'a da yawan kyauta. Ya kai ni tsakar birni ya nuna mini wata bishiya mai baƙin ganye, wadda ruwa ke ɗiga daga rassanta cikin kwatarniya. Ya ce, "Ruwan mantau ke nan. Ƙoƙo ɗaya ya isa, har abada. Ko aradu ta faɗi a gabansa ba zai ɗaga kunne ba." Ya cika mini gora ya ce tsaraba ce, in kai wa mutanen garinmu. Ita kuwa Zabuwa, ya ce da la'asar za a ba ta nata a gaban jama'a, domin haka suke karrama dokin baƙo.

Ina jiran la'asar na zagaya bayan barga, na sami wani dattijo yana taje wa wani farin doki geza. Na yaba masa natsuwar dokin. Bai dube ni ba ya ce, "Kira shi ka gani. Sunansa Hadari."

Na kira, doki bai motsa ba. Dattijon ya kira da kansa, ya sa baki a kunnensa, doki yana kallon bango.

Ya ce, "Da can ko tari na yi a bayan gida sai ya amsa. Ya taɓa kayar da ni har na yi wata ina ɗingishi, shi ya sa na kai shi gindin bishiya da hannuna. Yanzu ba ya kayar da kowa. Ba ya kuma sanin wanda ke taje shi." Ya ci gaba da tajewa.

Na koma na ce wa Sarkin Barga na gode, amma a bar mini goɗiyata yadda take tukuna. Nan take fara'ar ta ɗauke. Ya ce ƙin ruwan mantau zagin birni ne, doki mai ɗanyen jini kuma ba ya fita ta ƙofarsu. Ya sa aka kewaye ni, aka aika a rufe ƙofa, wani ya taho da ƙoƙo.

Na ce, "To ba ta sha a hannun baƙo. Bari in hau ta in riƙe mata kai." Suka yarda. Da na zauna daram a sirdi, sai na yi abin da na shekara ina roƙon mutane kada su yi kusa da ita: na tafa hannu da ƙarfi a bayan kunnenta. Zabuwa ta tashi kamar an harba kibiya. Dogarai suka haye dawakansu suna zuba musu bulala, dawakan suka taho a hankali kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Ƙofar birnin ma dawakai ke jan ta, ko rabi ba su kai ba muka wuce. Sai da muka yi nisa na tuna gorar tana rataye a kafaɗata. Na ɗaga hannu zan jefar, na tuna da'irar toka, na mayar da ita.

Daga nan na gangara kudu zuwa Kogin Sarwai, inda ake cin kasuwar magunguna a kan ruwa. Jirage ne aka ɗaure da juna, tun daga wannan gaɓa har waccan, kasuwar kuma tana tafiya da kogi a hankali. Ban gane hikimar haka ba sai daga baya: wanda ya sayar maka yau, gobe ya sha kwana, ba inda za ka same shi ka yi ƙorafi.

Da jin abin da nake nema suka yi mini caa. Wannan ya ce nasa garin haƙurin kunkuru ne. Wancan ya ce nasa hammar kada ce aka kama a tulu aka shanya. Wata mata ta ce nata saiwar bishiyar da iska ba ta kaɗawa ce. Duk wanda na tambaya me aka haɗa a ciki sai ya ce sirrin gidansu ne. Duk wanda na tambaya nawa ake ba doki sai ya dubi girman jakata kafin ya amsa. Na ba da rawanina da babbar rigata na karɓi ƙulli uku. Na tambayi na ƙarshen da wanne zan fara, ya ce, "Haba, baƙo, ai kai mai sauri ne. Haɗa su gaba ɗaya, wanda bai yi ba ɗan'uwansa ya yi."

Na haɗa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Kafin rana ta take Zabuwa ta fara waiwayen cikinta tana tonon ƙasa, ta kwanta tana birgima, cikin ya kumbura kamar ganga. Na waiwaya kogi, kasuwa ta tafi. Na sani dokin da cikinsa ya murɗa ba a barinsa ya yi ta birgima, sai na tashe ta da ƙyar, na yi ta jan ta sama da ƙasa a bakin gaɓa, ina kuka ina ba ta haƙuri.

Ina cikin haka sai ga wani tsohon jaki ya fito daga cikin ciyawa, kunne ɗaya a yage, bayansa duk tabon kaya. Da alama wani falke ne ya ga ya gama amfani ya sake shi. Na daka masa tsawa, domin ni ɗan Kurmasau ne, ba na son dabba kusa da dokina. Ko gezau. Na yi ihu har muryata ta dushe, sannan na gane kurma ne. Ya zo ya jera da Zabuwa, kafaɗa da kafaɗa, yana tafiya yadda take tafiya. Ta dube shi a firgice, ta shinshina shi, sai ta ɗora haɓarta a bayansa. Haka suka yi ta zagaye har cikin ya saki da yamma. Washegari na kore shi ya ƙi koruwa, na sa masa suna Banjiba, muka zama mu uku.

Wani masunci ne ya ce mini in hau Tudun Marake in nemi wata makiyayiya mai suna Tabawa. Muka yi ta hawa har gajimare ya koma ƙarƙashinmu. A can sama fili ne iya ganinka, ciyawa har gwiwa, dawakai garke-garke ba mai su, suna cizon wuyan juna suna guje-guje. A tsakiya akwai wani farin dutse da suke lasa. In sun lashe shi ya rame da yamma, kafin safiya ya cika ya koma yadda yake.

Tabawa dattijuwa ce gajera mai kaifin ido. Na gaishe ta na ce, "Inna, magani na zo nema."

Ta ce, "Kowa magani yake zuwa nema. Matsa can, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Ba ta ɗauko ko ganye ba. Ta bi bayan Zabuwa da tafin hannu tana dannawa, ta ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ta tsuguna ta fasa kashinta da tsinke ta duba. Sannan ta sa hannu cikin bakinta har wuyan hannu, ta ce in kawo nawa. Na ji wani haƙori mai kaifi kamar tsinin wuƙa, kumatun da ke kusa da shi duk ya sale, daidai inda linzami ke zama. Ta ɗauko dutsen wasa ta goge shi a hankali, tana yi wa goɗiyar magana kamar jikarta.

Ta ce, "Me take ci a gida?"

Na ce da alfahari, "Gero da zuma, safe da yamma."

"Ciyawa fa?"

"Ai ba jaka ba ce, Inna."

"Da wa take kwana?"

Na kwashe al'adar Kurmasau na faɗa mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ɗana, in aka kulle ka a ɗakin da ba taga, ana ɗura maka zuma, ƙaya na sukar ka a baki, ba ka ganin ɗan Adam, sannan ran kasuwa a fito da kai tsakiyar maƙera, kai tukwane nawa za ka fasa?"

Na sunkuyar da kai.

Na zauna a wurinta har damina ta yi nisa. Ta sa na rage gero na sake Zabuwa cikin ciyawa. Ta kankaro mini garin farin dutsen nan ta ce in riƙa barbaɗa abin da yatsu uku suka ɗauka a jiƙaƙƙiyar dusa kowace safiya. Ta ce, "Wannan ba ya kashe tsoro, kaifinsa yake ragewa, shi ma in jikinta na neman sa ne. Kada ka sa ran gani gobe." Ta ba ni wani busasshen fure mai ƙamshi ta ce in ajiye, kada in fara ba da shi sai na ga iyakar aikin dutsen. "Ɗaya bayan ɗaya. In ka ba da biyu tare, ba ka san wanda za ka gode wa ba, ba ka san wanda za ka zaga ba."

Na nuna mata gorar Lumo. Na zaci za ta ce in zubar. Ta shinshina ta toshe ta ce, "Yana da ranarsa. In za a ɗinke rauni, ɗigo ɗaya a harshe rahama ne. Ƙoƙo guda kuwa, doki zai zauna, amma wanda ka sani ya tafi. Kai za ka zaɓa, ba ni ba." Sai ta nuna Banjiba da haɓa, yana can yana barci a tsaye, Zabuwa na kiwo a gefensa. "Wancan fa, a ina ka saye shi?"

Na ce, "Shi ya biyo ni."

Ta ce, "To ka fi sa'a a abin da ba ka saya ba."

Da gero ya fara fitar da kai na yi sallama. Zabuwa ta sauya, amma ba ta zama wata ba. Har yanzu in tsuntsu ya tashi takan zabura, sai dai yanzu takan waiwayi Banjiba. In ta ga yana tauna, sai ta sauke numfashi ta ci gaba da tafiya. Wannan bai ishe ni ba. Tsuntsu daban, gudumar maƙeran Kurmasau daban.

Hanya mafi kusa ta bi ta Kwarin Amsa-Kuwwa, wani matsattsen kwari mai bangon dutse, inda kowace ƙara ke komowa ninki ba adadi. In ka yi atishawa sai ka ji kamar runduna ta yi. A bakin kwarin na tsaya na kwance gora, na ce ko ɗan kurɓi in ba ta mu wuce lafiya. Na tuna dattijon nan da tajensa, na mayar da murfi. Muka shiga, Banjiba a gaba yana tafiyarsa kamar a gonar ubansa, Zabuwa na bin sa tana rawar jiki, ƙarar kofatanmu na dukan mu ta ko'ina.

Muna tsakiya ta tsaya cak. Sama garau take, ba gajimare, ni ban ji komai ba. Ta waiwayi jakin kamar yadda ta saba, yana tafiyarsa, amma wannan karon ba ta yarda da shi ba. Ta yi wata haniniya da ban taɓa ji ba, ta cije shi a gindi, ta juya ta kama hawan gangaren dutse da ni a bayanta. Na ja linzami, ina! Banjiba da ya ga ta tafi ya biyo ta yana nishi. Muna kaiwa wani tudu sai ga ruwa ya taho daga can sama, ja wur, ya fi tsayin soro, yana jujjuya itatuwa da duwatsu. An yi ruwa a wata ƙasa mai nisa, ita kaɗai ta ji zuwansa. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na zauna a kan dutse ina kallon hanyar da muke kai ɗazu ta zama kogi, ina taɓa gorar da ke kafaɗata.

Mun isa Kurmasau sabon gero na shigowa kasuwa. Yaya Tasalla ta rungume ni, sannan ta ga jaki ta ce, "Na aike ka neman magani ka dawo da wannan?" Na ba ta labari duka. Da na zo kan gorar ta ce in maimaita.

Da safen ranar gwaji ta same ni a bayan gida, ta ɗauko ƙoƙo da kanta. Ta ce, "Nomau, ba ta. Da babu gara ba daɗi. Goɗiyar da ba ta san ka ba ta fi fatar zugazugi. Aƙalla za ka gan ta tsaye."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Na karɓi ƙoƙon, na tsiyaya ruwan har ya cika. Na nufi Zabuwa, ta ji takuna, ta yi 'yar haniniyar nan ƙasa-ƙasa. Na tsaya cak da ƙoƙo a hannu. Sannan na ce, "Yaya, in na ba ta, ni na yanka ta, maƙera ba su samu fata ba kawai." Na mayar da ruwan cikin gora, na barbaɗa mata farin dutse a dusa kamar kullum. Tasalla ta share ido da gefen zane.

Gari duka ya fito. Aka zana da'ira, na kai ta tsakiya na cire ragama na fito. Mahauci na tsaye gefe da wuƙarsa. Sarkin Maƙera ya ɗaga sanda, gudumomi suka sauka a kan tagulla gaba ɗaya. Ni kaina sai da na toshe kunne. Zabuwa ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta sauko, ta juya, ta sake juyawa, idanunta sun yi fari, gumi na zuba. Tana waiwaye tana nema. Ƙafarta ta baya ta taɓa toka.

Banjiba yana bakin fili inda na bar shi, ban ɗaure shi ba, ban kuma kore shi ba. Ya ɗaga kai ya hango ta. Ya taho a hankali, ya ratsa tsakanin maƙera biyu kamar ba su nan, ya tsallake toka, ya tsaya a gefenta ya fara tsintar zangarniyar gero da ta zube a ƙasa. Zabuwa ta dube shi. Ta dubi maƙera. Ta sake dubansa yana tauna. Sai ta ɗora haɓarta a bayansa, jikinta na ɓari kamar mazari, amma ƙafafunta huɗu suna cikin da'ira.

Mutane suka fara ihu, "A fitar da jaki! Maguɗi ne!" Sarkin Maƙera bai sauke sanda ba, ya bar su suka yi ta duka har hannayensu suka gaji, sannan ya sauke. Da fili ya yi tsit na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, cewa ka yi hannun mutum da ƙafar mutum."

Ya dubi jakin ya ce, "Haka na ce. Wannan kuwa ko a duhu ba a ce masa mutum." Tsohuwa mai tukwane, da hannunta da ya warke a karkace, ita ta fara dariya, sauran suka biyo. Mahauci ya mayar da wuƙa kube. Sarki ya ce, "Goɗiya taka ce. Amma al'ada na nan. A cikin ganuwar Kurmasau doki shi kaɗai yake kwana."

Na ce na ji. A makon nan na bar gidan ubana, na kafa bukka a bayan ganuwa inda ciyawa take. Tasalla ta yi fushi ta ce na zaɓi dabbobi na bar dangi, amma kullum sai ta aiko da tuwo. Ba a daɗe ba wasu suka fara zuwa da sassafe suna jan dawakansu, suna waige-waige, suna cewa in sayar musu da abin da na ba tawa. Nakan ce su buɗe bakin dokin mu gani tukuna, sannan su sake shi can kusa da Zabuwa da Banjiba, su zauna mu sha fura.

Banjiba tsoho ne tun da na same shi. Wata damina ya kwanta a gindin tsamiya bai tashi ba. Zabuwa ta ƙi ci, ta koma rawar jiki kamar farko, tana zagaya wurin tana kira. Na ba ta farin dutse, na ba ta furen Tabawa, ba abin da ya yi. Na kawo mata wasu jakuna, ta juya musu baya. Da na ga haƙarƙarinta ya fara fitowa, na shiga bukka na sauko da gorar Lumo daga inda take rataye, na ce ko mantuwar ce rahama a wannan karo.

Na je na tsaya a gefenta ina kokawa da murfin, shekaru sun sa ya cije. Iska ta kaɗa, wani reshe ya karye ya faɗo, ta zabura ta waiwaya tana nema. Ni kuwa hankalina na kan murfi, ko ɗaga kai ban yi ba. Sai na ji nauyi a kafaɗata. Ta ɗora haɓarta, tana sauke numfashi a wuyana. Na tsaya ban motsa ba har kafaɗar ta mutu. Da murfin ya buɗe, a ƙasa na tsiyaye ruwan.

An ce sabo turken wawa, to ni na ɗauru, ban kuwa nemi a kwance ni ba. Tun daga ranar duk inda take kiwo ina tsaye kusa, ina tauna goro, in an yi ƙara ba na waiwaya. Yaya Tasalla ce ta fara kira na Banjiba, yanzu gari duka ya ɗauka. Wannan sunan kam, in an kira, ina ji.